Yadda Kassian Ya Karkatar da Garinsu

A ƙauyenmu na Innerlahn, can ƙarshen kwari inda titin mota yake tsayawa a gindin dutse, babu wanda bai taɓa naɗe ƙafar wandonsa ya tsaya a gaban Kassian Zangerl ba. Fada, limamin cocinmu, ya tsaya, malamin makaranta ya tsaya, matar magajin gari ma ta tsaya tana cin magani. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan yana gyara wa mutane takalmin wasan zamiya a kan ƙanƙara, kuma a ƙasar Tirol, inda dusar ƙanƙara take rufe ƙasa wata biyar, mai wannan sana'a ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ma ya san haka, bai kuma taɓa wahalar da kansa wajen ɓoyewa ba.

Ubansa baduku ne, ya bar masa shago a ƙasan gidansu, daf da rafi. Kass, kamar yadda muke kiransa, ya gaji shagon ne daidai lokacin da takalman fata suke ƙarewa, na roba mai tauri suna shigowa, irin waɗanda suke kama ƙafa har ƙwauri su hana idon sawu motsi. Sauran dukawa suka ce sana'a ta mutu. Kass ya ce yanzu ma ta fara, domin takalmin da ba ya lanƙwasa, in ya tsaya a karkace, gwiwa ce take shan wahalar.

Aikinsa ba shi da wasu kayan burgewa. Akwai wani faffaɗan katako a daɓen shagon, gaban taga, wanda sawun mutane ya goge har yana sheƙi. A nan zai tsayar da kai cikin takalmanka, ya durƙusa, ya laluba ƙoƙon gwiwarka da babban yatsa, ya ɗiga alama da biro a tsakiya. Sai ya ciro zarensa mai ɗaure da gudan dalma, ya sake shi daga kan alamar. In dalmar ta tsaya a tsakiyar bakin takalmin, ka ci sa'a. In ta kauce, sai ya ja tsaki ɗaya, ya ɗago ya dube ka kamar kai ka ƙera ƙafar da hannunka.

"Ka karkace," zai ce. Ba sannu, ba jaje.

Daga nan sai ya ɗaura siririn weji, wato ɗan falle mai kauri ta gefe ɗaya, a ƙarƙashin takalmin, gefen da ya kamata, har gwiwa ta hau kan ƙafa daidai, dogon katakon zamiya da ake maƙala wa takalmin ya kwanta shimfiɗe a kan ƙanƙara. A faɗi gaskiya, ya ceci gwiwoyi da yawa. Akwai masu koyar da zamiya da suka kai shekara saba'in suna hawa dutse saboda hannunsa, kuma sun san da haka.

Sai dai ba ya riƙe fuska. Mutum zai gaishe shi a hanya ya amsa a daƙile, sai bayan mutumin ya wuce ya bi tafiyarsa da kallo, sannan ya ɗaga murya, "Au, ashe kai ne, Ignaz! Yaya gwiwar hagun?" Ranar Lahadi a coci, sa'ad da jama'a suke layi zuwa gaban fada, kowa ya sunkuyar da kai yana tuna zunubansa, shi Kass yana duba wanda zai zo shago kafin Kirsimeti. An ce ya taɓa tare wani baƙo ana tsakiyar jana'iza, ya raɗa masa cewa ƙafarsa ta dama tana cin gefe. Shi dai ya musanta, ya ce bayan an rufe kabarin ne.

Matarsa ma ta hanyar zaren ya same ta. Notburga, wadda kowa ke kira Burgl, 'yar wani mai shanu ce daga gangaren da yake fuskantar rana. Ta shigo shagon tana da shekara ashirin da biyu, riƙe da takalman yayanta. Kass ya tsayar da ita ita ma a kan katakon, ya durƙusa, ya saki zare a dama, dalma ta tsaya tsakiya cak. Ya saki a hagu, haka nan. Ya sake yi, don bai yarda ba.

"Akwai matsala ne?" ta tambaye shi.

"Babu. Abin da ya dame ni ke nan. Ban taɓa ganin irinsu ba."

Ta ce to tunda babu abin gyara bari ta kama hanya. Ya ce ta dawo ranar Alhamis a sake dubawa. Alhamis huɗu tana dawowa, a ta biyar ta ce masa in akwai magana a bakinsa ya faɗa, gwiwoyinta sun gaji da biro.

Tun daga shekarar aurensu, duk Lahadin hunturu in an fito daga coci, su biyu suke hawa kujerar igiya, wadda inji yake ja ta sama, zuwa kan dutse su sauko tare, ita a gaba shi a baya. Sau biyu suke yi, sannan su koma gida su ci curin burodi a romo. Kass ba mai daɗin baki ba ne, bai taɓa kawo mata ko fure ɗaya ba. Wannan saukowar ita ce iyakar abin da ya iya na nuna so, Burgl kuwa ta gane, ta karɓa a haka.

To, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, bayan ambaliyar da rafi ya yi har ya tafi da gadar katako da rabin lambun Burgl, Kass ya fara lura da wani abu. Duk wanda ya tsaya a kan katakon nan, dalma sai ta ɗan kauce hagu. Da fari kaurin gashi ne. Bayan shekara uku ya kai kaurin tsinken ashana. Wani in ya ga haka, shagonsa zai fara zargi. Kass sai ya zargi garin gaba ɗaya.

Ya zauna ya yi tunani, ya fito da bayani, bayanin kuma ya yi masa daɗi har ya riƙa maimaita shi a teburin dattawa na gidan abinci, inda suke haɗuwa ran Asabar da yamma.

"Shekara ɗari biyar kakanninmu suna yankan ciyawa a gangare," in ji shi, yana buga tebur da yatsa, "ƙafar hagu a ƙasa, ta dama a sama. Kuna tsammanin jini yana mantuwa?"

Serafin kafinta, abokinsa tun suna makaranta, ba ya barin magana ta wuce shi. "To baƙin fa, malamin gwiwa? Bajamushen nan na jiya a birni aka haife shi, bai taɓa riƙe lauje ba, kuma ka ce shi ma hagu ya kauce."

"Kwana uku ya yi a garin nan. Ya isa."

"Me ya sa sai yanzu jinin ya tuna? Da can barci yake yi?"

"Da ma yana nan. Idona ne ya ƙara buɗewa. Kai dai ka tsaya a kan katakonka da ƙusoshinka."

Haka aka yi ta ɗaura wa mutanen Innerlahn weji a gefen hagu, babba da yaro, har da fada. Abin da ya biyo baya kowa ya gani, ba wanda ya haɗa shi da dalili. A kan dutse, mutanenmu in za su juya dama, sai ka tsaya kallo don kyau. Juyawa hagu kuwa, sai ka ce ana juya amalanke a lungu. Mutanen ƙauyen ƙasa sun gano mu tuntuni, shi ya sa duk shekarar da su ne masu kafa tutocin tsere sai su cika hanyar da kwanar hagu, su koma gefe suna jiran dariya. Kass ya ce ai ga shaida nan, karkatar ta fi yadda ya zata, ya ƙara kaurin wejin.

Wadda ta fi kowa shan gyaran kuwa Burgl ce. Sauran mutane sai sun sayi sabon takalmi suke zuwa, sau ɗaya a shekara uku ko huɗu. Ita kuwa duk kaka, kafin ƙanƙarar fari ta sauka, sai ya tsayar da ita a gaban taga, don ba zai yarda matar Kassian Zangerl ta hau dutse da takalmin da bai duba ba. Ranar da dalma ta fara kaucewa a ƙafarta, ya daɗe a durƙushe yana sake sakin zaren. Can ya ce, da murya irin ta mai ta'aziyya, "Tsufa ne, Burgl. Ba laifinki ba ne." Ta yi dariya, ta ce shi ma ai ba jiya aka haife shi ba.

Gwiwarta ta dama ta fara ciwo a hunturu na biyu. Ya ƙara weji. Ta ƙara ciwo. Ya sake ƙarawa, da kulawa, da ƙauna, yana auna wejin sau uku kafin ya ɗaura. Bana, a tsakiyar Janairu, gwiwar ta kumbura har wando ya ƙi shiga. 'Yarsu Verena, wadda take aure a garin bakin kwari, ta zo ta ɗauke ta zuwa wurin likita. Likita ya ce guringuntsin gwiwar ya cinye ta gefe ɗaya, kamar an daɗe ana murɗa ta. Burgl ta zauna gidan Verena don ta riƙa zuwa gashin gwiwa a asibiti. A kwana na huɗu ta kira Kass a waya, ta ce masa ya sauko da katakan zamiyarta daga inda suke rataye ya kai wa matan coci, su sa a kasuwar tsofaffin kaya da za su ci ƙarshen hunturu. Ta ce ta gama.

Kass ya ajiye wayar ya tsaya a tsakiyar ɗakin girki. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, domin bai san me zai yi da ranar Lahadi ba, bai kuma san da wane baki zai riƙa yi wa matarsa magana ba in an ɗauke dutsen daga tsakaninsu. Washegari da safe ya zuba takalmanta a jaka, ya sa zare da biro da sukurdireba a aljihu, ya hau bas.

"Baba, likita ya ce ta huta," in ji Verena tun daga bakin ƙofa, da ta ga jakar.

"Likita ya san ciki, ni na san waje. Matsa min."

Burgl tana zaune ta miƙe ƙafa a kan kujera. Ta dubi jakar ta dube shi. "Kass, ka rabu da ni. Na ce maka na gama."

"Minti biyar. In na ƙara siriri ɗaya kawai…"

"Kullum siriri ɗaya ne."

Amma ta tashi, don ta san in ba ta tashi ba zai kwana a tsaye a wurin. Ya sa mata takalman, ta tsaya a kan tayil ɗin ɗakin girkin Verena, ya durƙusa, ya ɗiga biro, ya saki zare. Dalma ta yi lilo ta tsaya. Ba hagu ta kauce ba. Dama ta tafi, kuma ba kaurin ashana ba, kusan faɗin yatsa.

"Daɓen nan a karkace yake," in ji Kass.

"Baba, shekarar gidan nan biyu."

"Shi ya sa. Maginan zamani, gaggawa kawai suka iya."

Ya kai Burgl zaure, dalma ta ce dama. Ya kai ta baranda, dama. Ya sa Verena ta roƙi maƙwabci ya buɗe garejinsa, aka taka da tsohuwa a hankali cikin takalman nan masu nauyi, maƙwabcin yana kallo da kofi a hannu. Dama. Kass ya ce lalle kamfani ɗaya ne ya gina unguwar, amma muryarsa ta riga ta yi sanyi. Suka koma ɗakin girki. Ya zaunar da ita, ya ciro sukurdireba, ya kwance wejin gaba ɗaya, na shekara tara, ya jera su a kan tebur. Ta sake tsayawa. Ya saki zare a dama, dalma ta tsaya tsakiya. Ya saki a hagu, tsakiya.

Burgl ta sunkuya ta dubi dalmar da kanta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta zauna ta kwance takalman ba ta nemi taimakonsa ba. Kass ya tattara kayansa ya fita, ya manta hularsa.

Da safe ya aika aka kira Serafin, ya ce ya taho da lebul, ma'aunin nan nasu mai ɗigon ruwa a tsakiya. Serafin ya shigo yana kakkaɓe ƙanƙara daga kafaɗa, ya ɗora lebul a kan katakon gaban taga. Ɗigon ruwan bai ko yi shawara ba, ya gudu gefe ya maƙale. Serafin ya ciro tuffa daga aljihu, wadda ya kawo don karin kumallo, ya ajiye a ƙasa. Tuffa ta mirgina a hankali, ta wuce ƙafar Kass, ta tafi bangon da yake kallon rafi.

"Ambaliyar nan ce ta ci ƙarƙashin ginin," in ji Serafin. "Gidan yana ta zama a hankali." Ya yi ƙoƙari ya tsaya a nan, amma abin ya fi ƙarfinsa. "Kakanninmu, ko? Shekara ɗari biyar! Ƙafar hagu a ƙasa!" Ya yi ta dariya har ya zauna a kan benci yana share ido. "Wayyo cikina. Har Bajamushe ka sa wa ciwon gado!"

Sai ya ɗago ya ga fuskar abokinsa, dariyar ta tsaya. Kass yana tsaye riƙe da zaren.

"Saurara, mutumina," in ji Serafin, murya ƙasa-ƙasa. "Kafin azahar zan ɗaga katakon nan in daidaita shi, ba wanda zai sani. Kai kuma ka riƙa kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, ka ce sabuwar dabara ce ta fito, ka cire musu. Bakina alaikum."

Kass ya so shawarar nan, kada a yi masa ƙarya. Ya so ta ƙwarai. Mutum ne da ya yi shekara arba'in yana gaya wa jama'a sun karkace, kuma an san wanzami ba ya son jarfa. Ya ce wa Serafin ya gyara katakon, sauran maganar zai yi tunani. Sannan ya sake hawa bas, ya ce hularsa zai ɗauko.

Ya tarar da Burgl tana fere dankali. Ya zauna a gabanta ya faɗa mata komai, har da tuffar, har da shawarar Serafin.

"Shekara nawa ina gaya maka," in ji ta, ba ta ɗago ba, "in na wanke daɓen shagon nan ruwa gefen rafi yake gudu? Me ka ce min?"

"Ban tuna ba."

"Ni na tuna. Ka ce mace da tsumma ba za ta koya maka awo ba."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Takalman sun daidaita yanzu. In kumburin ya saɓe, ki gwada sau ɗaya. Kada ki ba da katakan tukuna."

Ta ajiye wuƙar. "Zan gwada sau ɗaya. Amma sai ka hau dutsen shela ran Lahadi ka faɗa da bakinka. Ba sabuwar dabara ba, tsoho. Abin da ya faru. Ignaz yana ɗingishi, 'yar Kreszenz ta daina tsere tana ganin ita ce ba ta iya ba. Kowa yana can yana zargin ƙafarsa."

A ƙofar cocinmu akwai wani dutse mai faɗi inda ake tsayawa a yi shela in an fito, ta ɓatan akuya ko ranar gyaran hanya. Ran Lahadi Kass ya hau shi cikin baƙar kwat ɗinsa ta jana'iza. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ya cire hula ya faɗa a taƙaice: daɓen shagonsa ne ya karkace tun bayan ambaliya, ba ƙafafun mutane ba, duk wejin da ya ɗaura a shekarun nan kuskure ne, kowa ya kawo takalminsa a cire, wanda kuma gwiwarsa ta sha wahala ya yafe masa in zai iya.

Sai matar magajin gari ta ce da ƙarfi, "Na faɗa! Na faɗa wa mijina ƙafafuna lafiyarsu ƙalau!" Wuri ya kaure. Wani ya tambaya ko za a iya sake tseren shekara goma da aka cinye mu. Fada ya ce shi da ma ya ɗauka jarrabawa ce daga sama, ya yi ta haƙuri. Wani tsoho mai suna Pirmin ya rantse ba mai taɓa nasa wejin, don gidansa a dama yake in an sauko, ya saba, takalmin da kansa yake kai shi ƙofa. Ignaz kaɗai bai yi dariya ba. Ya dubi Kass, ya juya ya tafi yana jan ƙafa, kuma sai da aka yi mako uku kafin ya kawo takalmansa, ya ajiye a bakin ƙofa bai shiga ba. Kass ya ji wannan fiye da duk tsiyar da aka yi masa.

Kwana goma sha biyu yana kwance weji daga safe har yamma, a kan katakon da Serafin ya daidaita. Lebul ɗin kuma bai koma gidan Serafin ba, Kass ya riƙe shi, kowace safiya sai ya ɗora kafin ya buɗe ƙofa. Masu zuwa suka ɗauki sabuwar al'ada, kowa ya shigo sai ya ciro tuffa ya ajiye a ƙasa yana kallonsa. Haka ya tara tuffa kwando guda.

Kumburin Burgl ya saɓe a ƙarshen Fabrairu. Likita ya ce abin da ya cinye ba zai dawo ba, amma in ta nace, ta tsaya a gangare mai sauƙi, ta kuma saurari gwiwar. Ranar Lahadi suka hau kujerar igiya, suka sauka a tashar tsakiya, ba can ƙololuwa inda suka saba ba. Rana ta fito, ƙanƙarar ta yi laushi. Kass ya durƙusa ya duba maɗaurin takalmanta sau biyu, har ta ce masa in bai tashi ba za ta bi ta kansa.

Ta tura da sandunan zamiyarta ta tafi a hankali. Ta juya dama. Ta juya hagu, katakan suka bi ta salin-alin, ba gardama, ba murɗa. Ta sake, ta sake. A kwana ta shida ta tsaya a gefen hanya kusa da wata rumbun ciyawa, ta jingina da sandunanta. Ya iso ya tsaya a ƙasa da ita.

"Tana ciwo?"

"Tana yi. Amma ba irin na da ba."

"Na cuce ki, Burgl."

"Ka cuce ni," in ji ta. Ba ta faɗa da faɗa ba, ba ta kuma sassauta ba. Ta ɗaga gilashin idonta ta dube shi. "Ba gwiwar ce ta fi ci min rai ba, Kass. Ranar da ka ce min tsufa ne, na yi maka dariya, sannan na hau sama na tsaya gaban madubi ina kallon ƙafafuna. Shekara tara ina jin kunyarsu a gabanka. Duk kaka in ka ce in hau katakon nan, sai in ji kamar in nutse. Na ɗauka abu ɗaya da ka gani a jikina ka so, shi ne ya lalace."

Mutumin da yake da bayani a kan komai, har kakanni ya taso daga kabari don ya kare zarensa, ya rasa kalma ɗaya. Hawaye suka zubo masa, ga safar hannu mai kauri, ya kasa sharewa da kyau, ya bar su.

"Ba ƙafafun ba ne," ya ce da ƙyar. "Su ne dai na iya faɗa."

Burgl ta daɗe tana kallonsa. Wasu 'yan yawon buɗe ido suka wuce su a guje suna ihu. Ta ciro hankici daga aljihun rigarta ta miƙa masa.

"Fyace hancinka, mutane suna kallo." Ta mayar da gilashin, ta gyara riƙon sandunan. "Ka gaya wa matan coci su nemi katakan wata. Amma sau ɗaya zan riƙa saukowa, ba biyu ba, kuma daga nan tsakiya. In ka ga na tsaya, ka tsaya, kada ka tambaye ni komai."

"To," in ji Kass.

Ta tura ta ci gaba, a hankali, tana ɗan tausaya wa ƙafar dama. Ya jira ta yi nisa kaɗan, ya cusa hankicin a aljihu, ya bi bayanta.